An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Dajinmu Ba Shi Ya Ɗauki Bindiga Ba

 Na san da yawa daga cikinku ci gaban labarinmu kuke jira, kuna son ku ji ko za a ɗaura auren nan ko za a fasa. Ku yi mini haƙuri na wannan makon, amarya ba za ta tsufa ba kafin mu dawo kanta. Akwai wata magana da ta tsaya mini a wuya yau mako uku ke nan, na yi juyin duniyar nan in haɗiye ta ta ƙi haɗiyuwa, shi ya sa na ga gara in amayar da ita a nan kowa ya ji, wanda zai ji haushi kuma ya ji.

A cikin mota abin ya faru, muna kan hanyar Sakkwato. Ana ta hirar da kowa ya san ita ce hirar mutanen gabashin jihar, wato wane gari aka shiga jiya, wa aka ɗauka, nawa aka ce a kai. Sai wani bawan Allah da ke gidan gaba, ya sha shadda ya kafa hula, da ganinsa ka ga ɗan boko, ya juyo ya ce ai shi a ganinsa maganin abin guda ɗaya ne. A samo fetur da katafila a bi dajin Gundumi da duk wani sunƙuru da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, a ƙone na ƙonewa a tumɓuke na tumɓukewa, a mayar da wurin fili fetal yadda in ka tsaya a Gatawa za ka hango mutum a Shinkafi. Mota ta ɗauka da "wallahi gaskiya ne Alhaji". Ni dai na yi shiru, haka ma wani dattijo da ke kusa da ni rungume da ɗan buhunsa, bai ce uffan ba. Sai da muka sauka a tasha ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka jiya? Ɓarawo ya shiga ɗaki, sun ce a ƙone ɗakin. To in an ƙone, ina za mu kwana?"

Ba mutumin mota ne ya fara faɗar haka ba. A farkon 2022 gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya faɗa a wata hira ta talabijin cewa a yi wa dazuzzukan ruwan bama-bamai, itatuwa kuma a sake shuka su daga baya. Na fahimci zafin da ke sa mutum ya furta haka, domin ni ba baƙo ba ne a wannan masifa. Ni mutumin Burkusuma ne, a ƙasar Gobir aka yanke cibiyata. Ban manta watan Mayu na 2020 ba, da aka bi ƙauyukan Sabon Birni irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari aka kashe mutane gommai a yini guda. Ban manta Disambar 2021 ba, da aka tare motar matafiya a wajen Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki. Ban manta Agustan 2024 ba, da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Ina da dangin da suka tsallaka ƙasar Maraɗi da 'yan ƙunshin kayansu a ka, har yau wasu ba su dawo ba. Saboda haka kada wani ya ce mini ina zaune a inuwa ina kukan tsuntsaye. Abin da nake cewa shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Daji bai je kasuwa ya sayo bindiga ba. Mu muka saki dajin nan tun kafin ɓarawo ya san hanyarsa, kuma kowa ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bari in fara ba yaran yanzu labarin abin da ake so a cinna wa wuta, don wasunsu sun tashi ba su san daji da komai ba sai da tsoro. Irin wannan lokaci da muke ciki, in sanyin hunturu ya janye, ƙura ta lafa, zafin bazara ya fara leƙowa, shi ne lokacin da fadamar gulbin Rima ta fi kowane lokaci cika da rai sa'adda muke yara. Dalili kuwa shi ne tafkuna sun fara ƙanƙancewa, duk wani mai numfashi dole ya zo inda sauran ruwa yake. In ka yi sammako bayan sallar asuba za ka tarar da kirinjijiya sun rufe bakin ruwa suna ta fito, ga dinya can tsakiya tana taƙama, ga zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, ga balbela da jinjimi, wani lokaci har da gauraki bibbiyu suna rawarsu. A cikinsu akwai wasu baƙi, ƙananan agwagin ruwa da wasu 'yan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, waɗanda ba mu ganinsu sai da ɗari. Da watan Maris ya kama sai ka ga suna ci ba ji ba gani, kwana kaɗan kuma a wayi gari babu ko ɗaya. Sai da na shiga sakandare na san ashe daga ƙasashen Turai da Rasha suke zuwa, su ƙetare hamadar Sahara su sha ɗari a wurinmu, cin nan da suke yi kuwa guzurin komawa gida ne.

In waɗannan sun tafi ba a daɗewa sai babbar baƙuwa ta iso, wato shamuwa. Ita daga kudancin Afirka take tasowa, ta zo ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kukar da ke tsakiyar gari, a nan za ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. Ranar da aka fara ganinta manomi zai ɗauko kalmensa ya duba ƙota, a sauko da iri daga rumbu, domin ruwa ya kusa. Babu yaron da ya isa ya jefe ta, in ka kuskura tun kafin ka isa gida labari ya riga ka, bulala na jiranka. Tsofaffi ba su yi karatun kimiyya ba, amma sun san abincinta fara ce da tsutsa, wato ma'aikaciyar gona ce da ba ta karɓar lada. A tudu kuma ɗorawa ta fitar da tutu jajaye, ƙudan zuma na ta kai-komo, gawo na zubar da 'ya'yansa awaki na wawa. Zomo, bushiya, damo, guza, fakara da zabin daji duk ba abin labari ba ne, da dare ka ji kukan dila, da safe ka ga sawun barewa a mashaya. A ƙarƙashin busasshen laka kuwa gaiwa ce kwance ta naɗe kanta tana jiran ruwan fari. Kakana har labarin jimina da gwanki yake ba mu. Kai, ko sunan Kwanar Maharba, inda aka tare Sarkin Gobir, ya isa ya tuna maka cewa a da in an ce mai makami a dajin nan, maharbi ake nufi.

To mai karatu, kada ka ɗauka duk wannan arziki haka kawai ya zauna don babu mai so. Yana da masu shi, kuma suna yi masa wahala. Kowane gari yana da hurumi, wurin da ba a noma ba a sara sai da izini. Tafki yana da Sarkin Ruwa, in ya ce an rufe to an rufe, babu mai jefa homa sai ranar da aka buɗe su, gari duka a shiga tare. Irin wannan doka ce ta raya Matan Fada a Argungu, inda ake hana kamun kifi sai lokacin biki, ga shi duniya na zuwa kallo. Maharba suna da Sarkin Baka, kuma na ji da kunnena wani tsohon maharbi yana zagin ɗansa don ya harbo barewa mai ciki. Sannan ga uwa uba aikin gayya. Bayan kaka a fita a share hanya kewaye da kurmi don kada gobarar daji ta tsallaka. Da bazara in tafki ya ƙafe a yi shela, maza su fito da dagi da shebur da kwanduna a yashe shi, makaɗi na zuga samari, mata na kawo fura da kunu. In an ga ɗan gawo ya tsiro a bakin hanya a kewaye shi da ƙaya. Burtali a bar wa makiyayi abinsa, mashaya ma haka. Babu wanda aka biya ko anini.

Kuma wannan ba gargajiya ce kawai ba, addini ya san da ita. Manzon Allah (SAW) ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u a kusa da Madina ya hana a taɓa shi don amfanin jama'a, Sayyidina Umar ma ya keɓe Rabaza. A nan ƙasarmu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita da yadda ake keɓe hurumi. Wanda duk ya ce maka kula da daji aikin Turawa ne da 'yan ƙungiyoyi masu farar mota, ka ce masa ya koma makarantar allo.

Yaya aka yi muka saki wannan igiya? A hankali abin ya zo. Turawan mulki suka shata manyan dazuzzuka suka kira su gandun daji, aka sa malamin daji mai kaki yana kama masu sara. Duk da haka a zamanin En'e hakimi da dagaci suna da ta cewa, kuma a 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Daga baya aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aka zo da dokar mallakar ƙasa ta 1978 wadda ta danƙa ƙasa a hannun gwamna da ƙaramar hukuma. Daga nan daji ya zama "na gwamnati". Ni da kai kuwa mun san ma'anar kayan gwamnati a bakin Bahaushe: abin da ba na uban kowa ba, wanda ya riga kai hannu shi ke da shi. Sarkin Ruwa ya koma sarautar naɗin rawani, malamin daji ya koma mai karɓar na goro a bakin hanya, mu kuma muka ɗauki gatari.

A nan zan faɗi abin da ya faru a gabana, don kada a ce ina jifan wasu ina ɓoye hannuna. Wajen shekara 20 da suka wuce mu samarin unguwarmu muka haɗu muka ce za mu farfaɗo da wani ɗan kurmi da ke bakin tafkinmu. Akwai marke da ƙirya da kanya da wata tsohuwar tsamiya da shamuwa ke sauka a kai. Bazara biyu muna yashe tafkin, muka kewaye ƙananan itatuwa da ƙaya, muka sa wa junanmu tara ga duk wanda aka kama da ɗanyen ice. A bazara ta uku har dinya ta dawo. Ana nan sai ga wani dillalin gawayi da mota da ma'aikatansa, ya zaro wata takarda mai hatimi daga aljihu ya ce daga ofis aka ba shi izini. Muka je muka yi ƙorafi, aka ce a dawo gobe, goben da har yau ba ta yi ba. Cikin mako biyu aka kwantar da marken da ƙiryar, hayaƙi ya turnuƙe wurin. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne rabin masu saran 'yan ƙungiyarmu ne, da suka ga abin zai tafi a banza suka ce gara su ma su samu na cefane. Ni kaina da zan koma birni sai da na ɗaura buhu biyu a bayan mota don ya fi araha. Tsamiyar ce kawai ta tsira a lokacin, ita ma bayan shekara kaɗan aka sassaƙe ta ta bushe. Tun daga nan shamuwa ba ta sake sauka a unguwarmu ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Haka aka yi ta yi gari bayan gari. Manyan itatuwa suka tafi gawayi, burtali ya shige cikin gona, mashaya ta zama lambun albasa, makiyayi ya rasa inda zai bi da shanunsa sai ta cikin amfanin wani, rigima ta tashi, aka kai gaban masu hukunci aka tatse kowa. Maharbi ya daina shiga daji don babu abin harbi, mai saƙar zuma ya daina rataya amya don babu icen ratayawa, mai magani ya koma sayen saiwa a kasuwa. Idanun da ke kallon dajin kullum suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Wurin da mutanen kirki suka daina shiga kuwa ba ya zama babu kowa, wani ne zai shiga. Ban ce wannan kaɗai ya haifi ta'addanci ba, akwai zalunci da talauci da makaman da suka malalo daga wasu ƙasashe da sakacin hukuma. Amma ɗakin da ɓarawo ya samu ya shimfiɗa tabarma, mu muka kwashe kayanmu daga ciki muka bar masa ƙofa a buɗe.

Yanzu mu dawo kan Alhajin gidan gaba da fetur ɗinsa. Don Allah Alhaji, ka taɓa shiga dajin da kake magana a kai? Abin da ya rage a mafi yawansa sabara ce da geza da ƙaya. Duk manomi ya san halin sabara, ka sare ta ka ƙone ta, ruwan fari na sauka za ta tofo ta fi da yawa, domin ranta a saiwa yake. Damina ɗaya ta isa sunƙurun ya koma yadda yake. Waɗanda wuta za ta kashe har abada su ne 'yan tsirarun tsamiya da kanya da kaɗanya da suka rage, ita kaɗanya kuwa sai ta shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Wato za ka ƙone abin da ke ciyar da talaka ka bar abin da ke ɓoye ɓarawo. Shi kuma ɓarawon a kan babur yake, kafin hayaƙinka ya lafa ya koma dajin gaba ko ya shigo cikin gari ya zauna. Wa ka bari da toka? Matar da ke neman icen girki, da makiyayin da bai taɓa satar ko akuya ba, da manomin da iskar bazara za ta kwashe masa ƙasar gona ta binne masa shuka da rairayi.

Batun "a sake shukawa daga baya" kuwa, wannan dariya ya ba ni. Shekara nawa muna ganin bikin dashen itatuwa? A kafa rumfa, a kawo makaɗa, babban baƙo ya tsuguna da babbar riga ya dasa ɗan ice ɗaya a ɗauki hoto, a raba lemo a watse. Bayan mako guda ka koma wurin, ledojin ne kawai za ka gani, awaki sun yi walima. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin nan na kafa katangar itatuwa don tare hamada, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa. Ban ce ba a yi komai ba. Amma kowane ɗan ƙauye ya san icen da ba shi da mai ba shi ruwa da mai kore masa akuya, ko daga Makka aka kawo irinsa ba zai kai bazara ba.

In kana son ka ga abin da ke aiki, ba sai ka hau jirgi ba, tsallaka iyaka kawai. Mutanen Tsibiri da Gidan Rumji da Maraɗi Gobirawa ne da Katsinawa irinmu, ƙasarsu ma ta fi tamu ƙarancin ruwa. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili, iska na binne shuka. Wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, har a 1983 ya tsaya a hanya yana rage wa tayar motarsa iska don yashi, idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da kowa ke ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe ice ne, tsohon kututture ne ke tofowa, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan ita suke kira sassaben zamani, kuma ba ta buƙatar ko kwabo. In ka zo sassabe kada ka share kututturen duka. Ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi ka bari, ka datse sauran, kowace shekara ka rage na gefe ka yi makamashi da su. Tun da saiwar tsohuwa ce ta riga ta kai ga danshi, cikin 'yan shekaru sai ka ga ice ya fi ka tsawo. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu daga manomi zuwa manomi, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. A garin Ɗan Saga na ƙasar Agye mutanen gari da kansu suka kafa kwamitin sa ido, da maza da mata da makiyaya a ciki, suna zagayawa suna kama masu saran dare. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙin icen da ya yi reno a gonarsa. Ka ji bambancin: can an ce wa talaka icen naka ne, sai ya tsare shi.

Namun daji ma suna dawowa in an ba su dama. A 1996 raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma 49 kacal suka rage a duniya, dukansu a yankin Kure kusa da Yamai, suna kiwo a cikin gonakin mutane. Da aka haɗa kai da mutanen ƙauyukan aka daina kashe su, sai da suka haura 600. A 2018 aka ɗebi 8 aka kai su gandun Gadabeji da ke arewacin Dakoro a jihar Maraɗi, gandun da aka keɓe tun 1955, inda fari da farauta suka ƙarar da su kusan shekara 50 kafin nan. A nan gida Nijeriya kuma ga fadamar Haɗeja da Nguru, inda tafkin Dagona yake, wurin da tsuntsayen Turai ke sauka har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo kallo a 1989. Da ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa bayan gina madatsun Tiga da Challawa, mutanen ƙauyuka sun sha fitowa gayya da lauje da adda, su shiga ruwa har ƙirji suna yanka don ruwa ya wuce. Masunci ya amfana, manomi ya amfana, tsuntsu ma ya samu wurin sauka.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ana kashe mu kana maganar sassabe. Ai dajin Baban Rafi na Maraɗin ma ɓarayi sun shiga." Gaskiya ne sun shiga, kuma ban ce ice na tare harsashi ba. Fitar da 'yan bindiga daga Gundumi aikin hukuma ne da jami'an tsaro, wajibi ne a kansu, kuma ba za mu daina yi musu kuka ba. Ban ce wani ya ɗauki gatari ya nufi tsakiyar daji da sunan aikin sa kai ba, wannan kai kai ne ga halaka. A 2025 shugaban ƙasa Bola Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji, muna fatan alheri. Sai dai in an kore su gobe, wa zai riƙe wurin jibi? Soja ba zai tare a can ba. In dajin ya sake zama na gwamnati, wato na babu kowa, to wasu za su sake shiga ko da an shekara goma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Al'adar kula da daji da muka yar, tun yanzu za mu fara ɗauko ta, a wurin da ƙafarmu ke iya zuwa.

Ga abin da nake roƙo a wannan bazara, kafin shamuwa ta iso. Duk garin da ke da sauran zama, a dubi abin da ke kusa, wanda in ka tsaya a ciki kana jin kiran salla: tafkin bayan gari, maƙabarta, filin idi, harabar makaranta, tsohon hurumi. Dagaci da liman da ardo da shugabar mata su zauna a shata shi a gaban kowa, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu, don gobe in mai hatimi ya zo ya tarar da tamu takardar. A sa rana ɗaya a mako a yashe tafki tun yana busasshe. Mai sassabe ya bar kututture goma a gonarsa bana, gawo ya fi samun fifiko, tun da shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina albarka. A hana yara cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya. A hana ɗibar ƙwan tsuntsu da harbin duk abin da ke da ciki ko goyo daga yanzu har kaka. A bar burtali a inda kakanni suka bar shi, domin gayyar da babu makiyayi a ciki ba za ta kai ko'ina ba. Waɗanda ke gudun hijira a Gidan Rumji da sauran garuruwan Maraɗi kuma, don Allah ku buɗe ido ku koyi sassaben nan, ku dawo mana da shi ranar da Allah Ya nufa. Mu na birni da ke cin tuwon gawayi, in an ce gayya ba mu da ƙarfin dagi, to mu aika da kuɗin shebur da na fura.

Sai ku 'yan'uwana marubuta, ba zan ƙyale mu ba. Mun cika littattafanmu da gidaje masu lambun furanni da tafkin wanka, jarumi ya tashi Dubai ya sauka Landan, amma a cikinmu mutum nawa ne zai iya bambance marke da ƙirya? Yaushe rabon da ka karanta labarin soyayyar da aka yi zance a gindin kanya, ko aka auna zuwan masoyi da zuwan shamuwa? Yaran da ke karanta mu sun san sunan turaren Faransa goma, ba su san gauraka ba, alhali shi ake kira tsuntsun ƙasa a Nijeriya, ga shi ya kusa ƙarewa a dazuzzukanmu sai a gidajen masu kuɗi. Abin da ba ka san sunansa ba, ranar da aka zo ƙone shi ba za ka ji komai ba, har ma ka ce "wallahi gaskiya ne Alhaji". Ni na fara da kaina, a babi na gaba za ku ga inda na kai amaryar tamu.

Hausawa na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Yau ungulun da muka saba gani a mahauta ta yi ƙarancin da tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, tsamiyar kuma mun yi gawayi da ita. Ina tsoron ranar da jikokinmu za su ji wannan karin magana su ce a fassara musu. Dattijon nan na tasha bai san sunana ba, ni ma ban tambayi nasa ba, amma tambayarsa na nan tana bina: in an ƙone, ina za mu kwana?

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da na gudun hijira gidajensu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.